Cokali Ɗaya na Ƙasar Tsamiya

Ana shirin kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Mainasara a Kafin Maiyaƙi. Matarsa Saude tana tuƙin tuwo, ta ɗauka yaran unguwa ne. Na biyun daga cikin ɗaki ya fito, kuma da zafinsa.

Mainasara masanin sinadaran ƙasa ne. Tun da albasa ta fara ruɓewa a fadama, kifi yana tasowa a mace, yake yawo da ledoji yana ɗibar ƙasa, don ya gano ko maganin ƙwarin da ake fesawa ne ya zauna a cikinta. Aikin alheri ne, ban musa ba. Amma mutumin bai iya sallama ba. Har gindin tsohuwar tsamiyar da manoma ke kewayewa ya kafa diga, ko bismilla babu.

Jifan bai tsaya ba, sai da Kulu, 'yarsu tilo, ta zauna cikin toka tana kuka da muryar tsohuwa. Aka ɗauko Malam Zailani daga Kiru. Ya daɗe yana karatu kafin ya yi magana.

"Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba," in ji muryar. "Gubarku ta kore mu daga fadama, muka fake a gindin tsamiya. Ubanta ya kwashe ni da 'ya'yana a leda."

"Zai mayar da ƙasar."

"Duka?"

Mainasara ya ce, "Malam, cokali ɗaya na taɓa. Na gasa shi a na'ura, na zuba masa asid."



"Autata tana barci a cikin cokalin nan," in ji muryar.

Malam ya yi tayin rago, ta ƙi. Ta nemi rai, ya tsananta karatu har ta yi laushi.

"To, na bar ran. Ni ma cokali ɗaya zan ɗiba."

Malam ya gaji, ya amsa bai tambaye ta daga ina ba. Kulu ta yi atishawa, ta ɓingire.

Da safe Mainasara ya mayar da ƙasar, ya dawo da sauri. Ya tarar da Kulu garau tana shan koko, ta gane uwarta, ta gane har akuyarta. Ya durƙusa gabanta yana hawaye. Ta dube shi, ta ja mayafi, ta matsa bayan Saude.

"Inna," ta ce a hankali, "wani baƙo ya shigo ba sallama."