Ciwon Kan Tela

Almakashi ne ya yanke wani tela a yatsa ranar da ya fara shiga kemis ɗin da wata budurwa ke tsare wa babanta. Tana naɗe masa bandeji yana kallonta, har ya manta da zafin.

Washegari ya dawo, wai kansa ke ciwo. Daga nan ciwon kai ya samu wurin zama, safe, rana da yamma. Ita kuwa baiwar Allah, don nuna kulawa, sai ta ɓare farasitamol, ta haɗa masa da maganin mura, ta tsare shi da ido.

"Haɗiye a gabana, Telana."

"Daga hannunki, Likitata, ko maɗaci zuma ne."

Ciwon na ƙarya ne, ƙwayoyin kuwa na gaske.

Da maganar aure ta taso, Baba ya ce a yi gwajin jini. Sakamako ya nuna sinadaran hantar telan sun haura ƙa'ida. Baba ya cire tabarau.

"Ba ƙwayar cuta, ba ƙiba, to me ya rage? Yaron nan mashayi ne. Ga ɗan aminina nan yana jira."

Ta shige bayan kantar kemis ɗin tana kuka. Sai ga saƙon telan a wayarta:

"Likitata, likita ya ce hawan sinadaran ba shi ne cutar ba, alama ce hanta ta wahala. Giya kan jawo, ko kitse, ko yawan magani. Nawa farasitamol ne, wai har cikin maganin murar akwai shi. Ya ce in daina, a sake gwaji. Kada ki faɗa wa Baba. Gara ya kira ni mashayi da ya daina yarda da ke."

Da hannunta ta cuce shi, kuma ga shi yana rufa mata asiri da mutuncinsa. Kunya ta hana ta ko kallon kwalin maganin.

Ta samu Baba yana jera kwalabe, ta durƙusa.

"Baba, bai taɓa shan giya ba. Ni na yi ta ɗura masa magani, ban karanta abin da ke ciki ba."

Baba ya ajiye kwalbar da ke hannunsa.

"Ke kika yi ɓarna, ni na yi masa ƙazafi. Kira min shi in nemi gafara."

Bayan wasu makonni sinadaran suka sauka, aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka.

Ran da ta tare, ango ya dafe goshi yana murmushi.

"Likitata, kaina..."

Ta miƙa masa kofin ruwa zalla, idonta taf da hawaye.

"Ba sai ka yi ciwo ba yanzu, Telana. Ga ni."