Rakaposhi Daga Rufin Kaka

Ni da nake ɓata a Rawalpindi, garin da aka haife ni, ban isa in yi wa abokina Tanwir dariya ba. Nigar ce ta yi masa.

Yana kan tsani a garejin masu fentin manyan motoci, yana zana dutse a bayan motar Chacha Darwesh, direba ɗan Hunza da ke can cikin duwatsun arewa, sai ga Nigar, 'yar direban, ta kawo wa mahaifinta abinci. Ta ɗaga kai.

"Ustad, wannan tulin shinkafar fa?"

"Rakaposhi ne, dutsen garinku."

"Allah sarki! Ka taɓa ganinsa?"

"A kalanda."

Ta yi dariya har sai da ta dafa taya. Buroshi ya suɓuce masa, zuciya ta bi bayansa.

Kafin fentin ya bushe, soyayya ta kama. Sau ɗaya ta daina kula shi, don ta ga ya zana idanun mace a jikin wata bas.

"Naki ne fa, hasken idona!"

"Nawa? Ɗaya ya fi ɗaya girma. Rufa mini asiri, koma kan duwatsu."

Da iyayensa suka je neman aure, Chacha ya ajiye kofin shayi.

"Yaron da bai san ta inda rana ke fito wa garinmu ba, shi zan ba 'yata?"

Ga kuma Jamshed, mai buga hotuna da na'ura yana liƙa wa motoci, shi ma ya shigo layin masu neman Nigar da gashin bakinsa mai sheƙi. Chacha ya raba gardama: kowa ya ɗauki gefen mota ɗaya ya sa hoton Rakaposhi. Wanda hotonsa ya mayar da Chacha gida, shi ne surukinsa.

Jamshed ya sauke hoto daga waya, ya tafi cin shinkafar biryani. Tanwir kuwa ya rubuta mata:

"Nigar tawa, ara mini idanunki. Ƙaramin da babban."

Ta amsa:

"Ustad Shinkafa, hau rufin Kakata a ranka. Ka fuskanci kogi. Kafaɗar dutsen ta hagu ce ke fara shan rana, ja-ja kamar shayi da madara. Ga 'ya'yan itacen kubani an shanya a rufi, ga bishiyar da ta karkata tana tare rabin ƙolin. Kada ka gyara ta."

Bai gyara ta ba.

Ranar hukunci garejin ya cika, har masu walda sun kashe wuta. Chacha ya tsaya gaban hoton Jamshed.

"Ya yi kyau. Amma daga bakin titi aka ɗauka. Wannan dutsen baƙi ne, ɗana, masu tsayawa su ɗauki hoto su wuce."

Ya zagaya ɗaya gefen. Ya kai yatsa kan karkatacciyar bishiyar.

"Daga nan na faɗo ina yaro," ya ce. "Wa ya hau da kai rufin uwata?"

Nigar ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi. Chacha ya dube ta, ya dube shi, ya share ido da hular ulunsa.

"Munafukai! Allah ya yi muku albarka."

Garejin ya kaure da ihu, direbobi suka danna oda. A wannan motar aka kai kayan amarya, an lulluɓe ta da furanni.

Bayan biki ta kai angon Hunza don ya ga dutsensa ido da ido. Sati guda suka yi a rufin Kaka. Gajimare bai ɗaga daga kan dutsen ba.