Kwandon Bene na Huɗu

"Cire zoben nan, Damyana!"

Damyana ta ɓoye hannunta a baya.

"Mama, don Allah ki saurare ni..."

"In saurari me? Ashe uban saurayin naki a ƙarƙashin gada yake kwana! Cikin waɗanda kuke kai wa wake da gurasa! Mu zama abin nuni a duk unguwar Shubra?"

Ta cilla mata waya. Hoton wani tsoho ne zaune kan kwali, Abanub ɗinta durƙushe yana wanke masa ƙafa. Ba sai an faɗa mata wanda ya turo ba. Irini ce, abokiyar hidimarsu a coci, wadda tun ranar baiko take mata murmushin da bai wuce leɓe ba. Ita ma fa ta san dokar Abuna, limamin cocinsu: mabukata 'yan'uwan Ubangiji ne, ba a ɗaukar hotonsu, ba a kai sunansu gaba. Amma kishi ina ruwansa da doka!

"Na sani tun farko, Mama. Gini ne ya rufta da matarsa, tun ranar ba ya iya kwana inda akwai rufin ɗaki. Sau nawa Abanub yana kai shi gida yana gudowa..."

"Au, har da taɓin hankali? Gobe kawunki zai mayar musu da zinarensu!"

"Na yarda. Amma ki je ki gan shi da idonki tukuna. In kin dawo kin ce in cire, zan cire."

Ta faɗa ne kawai. Ta san halin uwarta, macen da ta raine ta ita kaɗai bayan rasuwar babanta, ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, kuma kullum sai ta yi tutiya da hakan.

Washegari da hantsi, bayan an tashi daga sujada a coci, 'yan hidima suka sauke tukwane a ƙarƙashin gada. Mama na gefe, ta toshe hanci da mayafi. Irini sai kaiwa da komowa take da ludayi.

"Sannu da zuwa, Tanti!" ta ce wa Mama. "Ashe kin iso! Kin zo gaida surukai?"

Ko kallo ba ta samu ba.

Abanub ya taso, fuskarsa duk ta faɗa.

"Rabin raina, me ya faru? Idonki ya kumbura."

"Zoben ne, Abanub... yau ko ya zauna ko ya fita."

Ya juya wajen Mama.

"Tanti, ga mahaifina, Baba Fanus. Ba zan ɓoye shi ba, ko da zan rasa ta."

Tsohon bai ɗago ba. Gurasa biyu aka ba shi, ya ajiye ɗaya, ya juye rabin wakensa a ɗayar, ya naɗe a leda yana ƙullewa da hannun da babu yatsu biyu.

"Kullum haka yake yi," in ji Abanub a hankali. "Kafin abin ya same shi, shi ke raba kayan coci gida-gida. Har yau gani yake bai gama rabon ba."

"Na matar bene na huɗu ne," tsohon ya ce. "Mai shuɗin kwando. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yar yarinya mai tari."

Mayafin ya zame daga hancin Mama.

Damyana ta san kwandon nan. Shi suke zurowa da igiya daga baranda in mai kayan miya ya zo wucewa, kamar kowane gida a layinsu. Tana ƙarama, duk Juma'a sai kwandon ya hauro da shinkafa da mai da maganin tari, Mama ta ce saƙo ta bayar aka sayo.

"Mama...?"

Mama ba ta ji ta ba. Hannun kawai take kallo.

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba," ta ce. "Daga sama hula kawai nake gani... da wannan hannun."

Sai ga ta a durƙushe kan kwalin, da kayanta na zuwa coci, ta kama hannun ta sumbata tana kuka wiwi. Irini ta ajiye ludayi ta sulale.

Baba Fanus ya dube ta, bai gane ta ba. Ya miƙa mata ƙullin.

"'Yata, ke za ki kai mata? Ki sa a kwando, ki ja igiyar, ki wuce abinki. Kada ki ɗaga kai. Mace ce mai kunya, kar maƙwabta su gane."

Mama ta karɓa da hannu biyu. Ta jawo hannun Damyana daga inda ta ɓoye shi, ta gyara zaman zoben, ta ɗora a tafin Abanub.

"Ya isa gare ta, Baba," ta ce. "Yarinyar ma ta warke. Ga ta nan, ta zo gaishe ka."