Mai Hoto Mai Leƙe

A wani gari, zamanin da hoto kan kwana cikin kyamara kafin a wanke shi, an yi wani mai hoto da bai cika yarda da abin da bai gani ba.

Ran nan wata tsohuwa ta zo. 'Yarta da ke aure nesa ta roƙi hotonta, mai kai saƙon kuwa ya kusa tafiya.

Ya ɗauka, ya buɗe bayan kyamara ya leƙa, ya rufe. Hoto ya fito fari fat. Ya ce laifin rana ne.

Suka koma inuwa. Ya ɗauka, ya leƙa, ya rufe. Hoto ya fito fari fat. Ya ce laifin farin mayafinta ne.

Ta dawo da baƙin mayafi, ta ce, "Ɗan nan, me kake leƙawa ne?"

"Ina duba ko kin shiga, Iya."

"Ka taɓa samuna a ciki?"

"A'a."

"To, ni dai ban shiga ba. Hasken da kake buɗe wa ƙofa fa?"

Sai ya gane hasken da ke shiga in ya buɗe ne ke ɓata hoton. Ya ɗauka, hannunsa ya nufi murfin, ya daure ya cusa shi aljihu.

Hoto ya fito, Iya tana hararar hannun nan. Da 'yar ta gani ta ce, "Wallahi ita ce sak!"