Baƙon da Rékia Ta Kira Cin Dambu

Hajiya Rékia ba neman aljani ya kai ta Lyon ba. Dambu ta kai wa autarta.

Autar, Marwa, tana karatun injiniya a Villeurbanne da ke gefen Lyon, a wani ɗaki da bai fi rumbun gero faɗi ba. Kullum ƙorafinta a waya, damshi ya ci bango, ya bar tabo mai muni. Shi ya sa da Rékia ta rufe butik ɗinta, shagon atamfa a unguwar Goutte d'Or cikin Paris, ta biya kasuwar gwanjo a bakin Paris. Can ta ga wata doguwar takarda naɗe a jikin sanda. Mai kayan ya ce zanen China ne, tsoho. Ita tsawon kawai ta auna da hannu, ta ga zai rufe tabo. Ta cusa shi a jaka kusa da kwanon dambu, ta hau jirgin ƙasa.

Rékia kuwa mutuniyar Damagaram ce, irin matan nan masu gaida kowa har kyanwar maƙwabta, masu yi wa kowa faɗa har injin tikiti.

Rana ta yi ja lokacin da suka rataye shi. Takardar ta warware tun daga rufi har kusan ƙasa. Baƙar tawada ce zalla. Duwatsu sun hau kan juna, ruwa na zubowa daga tsakaninsu siriri kamar zare, wata bishiya ta karkace a bakin rami. Can ƙololuwa akwai bukka. Can ƙasa akwai ƴar gadar katako, a kanta wani tsoho da sanda da malafa, bai fi ƙwayar wake ba.

Rékia ta riƙe ƙugu. "An cuce ni. Mai zanen nan rago ne. Dubi tsakiya fari fat, tawada ta ƙare masa."

Marwa ta yi dariya. "Inna, da gangan ne. Hazo ne. Su mutanen China 'dutse da ruwa' suke kiran irin wannan zane. Suna barin fili babu komai, mutum kuma su yi shi ɗan mitsitsi, don ya san matsayinsa."

"Mu dai a wajenmu, duk filin da kika ga ba kowa, akwai mai shi."

"Inna ke nan. Bari in ɗora mana shayi."

Marwa ta fita zuwa madafar da ɗalibai ke haɗawa a ƙarshen baranda. Rékia ta baje a tabarma, ta buɗe kwano. Ƙamshin zogale da man gyaɗa ya cika ɗakin. Ta kai loma, ta ɗaga kai, ta ga ɗan tsohon nan tsaye a gada. Ita kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa cin abinci a gaban mutum ba ta yi masa tayi ba. Da bakinta babu komai, bisimilla za ta ce, da labarin ya ƙare a nan. Amma bakin cike yake.

"Tsoho," ta ce tana tauna, "zo mu ci."

Ta yi dariyar kanta.

Kowa a duniya ya san amsar wannan magana. Na ƙoshi ake cewa, a wuce. To, kowa a duniyar Rékia.

Abu na farko da ta lura, ƙarar taram, jirgin ƙasan cikin gari da ke wucewa ƙarƙashin taga, ta ɗauke. Ba nisa ta yi ba. Yankewa ta yi.

Sai sanyi, mai warin jiƙaƙƙen dutse da toka.

Sai ƙarar ruwa, can nesa.

Ƙwas.

Sanda a kan katako.

Ƙwas. Ƙwas.

Ta dubi zanen. Gada na nan. Babu kowa a kanta.

Marwa ta turo ƙofa da butar shayi. "Inna, kin buɗe taga ne?"

"Kar ki shigo," in ji Rékia a hankali.

Amma ta riga ta shigo. Farin da ke tsakiyar takardar ya fara malalowa ƙasa, ya bi tabarma, ya rufe musu ƙafafu. Rékia ta dubi kwano. Daga ɗaya gefen, dambu na raguwa. Kowace loma ta tashi sai ta bar shatin yatsu, baƙi wuluk.

Ya ci. Ya suɗe kwano.

Sannan ya bayyana, tsaye, kansa na taɓa rufi. Rigarsa layi-layi ce kamar an ja da buroshi. Malafa ta rufe fuska. Bai yi magana da baki ba, cikin ƙashin kanta Rékia ta ji shi.

Na ci naku. Sai a zo a ci nawa.

Butar ta faɗi daga hannun Marwa, ba ta yi ƙara ba. Yatsu dogaye sun kama hannun rigarta. Jar rigar sanyi ce, Rékia ce ta saya mata. Daga inda ya taɓa, jan ya fara gudu, toka-toka na haurawa zuwa kafaɗa. Idon yarinyar ya kafe. Ta ɗaga ƙafa, ta nufi bango.

Rékia ta nemi addu'a, harshe ya yi mata nauyi kamar turmi. Tsoro ya rufe ta. Abin da tsoron bai sani ba, a ƙarƙashinsa akwai masifa, ita kuma ba ta taɓa maƙalewa ba.

"Kai, tsoho! A gidan wa aka yi maka tarbiyya? In an ce zo mu ci, na ƙoshi ake cewa!"

Malafar ta juyo.

"Ka cinye mini dambu, ban ce komai ba. Yanzu ɗiyata? Ita ta kira ka? Ni na kira ka. Baƙona ne kai." Ta miƙe, ta ɗaure zane tamau. "Sake ta. Wanda ya kira baƙo shi ke yi masa rakiya. Wuce mu tafi."

Ruwan can yana ta zuba.

Yatsun suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya.

Rékia ta hankaɗa Marwa bakin ƙofa, ta bi bayansa. Inda bango yake, babu bango.

Tsakuwa a ƙarƙashin silifa. Sanyi har cikin haƙori. Babu sama, babu gabas. Duwatsun da ta raina sun tsaya a kanta, ba ta ganin ƙarshensu. Ta dubi atamfarta, furannin rawaya sun koma toka.

Ƙwas. Ƙwas. Tana biye.

A Damagaram, rakiya tana da iyaka, kuma baƙo ne ke yanke ta. Shi zai tsaya ya ce, haka nan ya isa, koma. Rékia ta kasa kunne.

Bai ce ba.

Suka wuce karkatacciyar bishiya. Bai ce ba.

Ga gada.

Ya hau. Ta ɗora ƙafar dama a katakon farko, ta ji kamar ta taka ƙanƙara. Ta ɗaga ido zuwa bukkar ƙololuwa. A bakin ƙofa akwai mutane a jere, ƴan ƙanana, ba sa motsi. Ɗaya da jakar makaranta a baya.

Ta tsaya cak.

Ya waiwayo, ya ɗaga malafa.

Babu ido. Babu hanci. Babu baki. Mai zane bai taɓa yi masa ba. Farar takarda ce kawai.

Wani abu mai kama da dariya ya kufce mata.

"Ashe shi ya sa. To, tunda ba ka da bakin faɗa, ni zan faɗa maka. Rakiya ta isa haka. Ka gaida gida."

Ta juya. Ƙafar ta ƙi tashi. Yatsun sun naɗe mata idon sawu, sanyin yana hawa.

"Na ce ka gaida gida!"

Harshe ya sake. Ta yi a'uziyya da ƙarfin da take ciniki, ta fizge. Wani abu ya yage, kamar takarda.

Ta ruga cikin fari. Ba hanya. Ba gefe. Ƙwas-ƙwas a bayanta, yanzu da sauri.

Sai can hagu, siririyar murya: kiran sallar magariba daga wayar Marwa, wanda ita Rékia ta tilasta mata sakawa. Ta bi shi ido rufe. Hannu mai ɗumi ya cafke nata.

Suka zube a tabarma, cikin shayin da ya malale. Taram ya wuce yana ƙararrawa.

A bango, tsoho na kan gada, bai fi ƙwayar wake ba. Amma yanzu ɗakin yake fuskanta.

Marwa, tana kuka, ta ce a ƙone shi. Rékia ta ce, "In ƙone masa gida ya tare a nawa?" Ta naɗe shi, ta ɗaure da igiya, ta koma da shi Paris, ta danne shi da buhun shinkafa a bayan butik. Ba ta sayar ba, ba ta bayar ba. Ta ce ba za ta kai wa ɗiyar wani ba.

Ƙafar dama kuwa ta zama baƙa ƙirin har idon sawu. Sabulu bai fitar ba, likita ya duba bai ga ciwo ba. Ko da rani sanyi take, kuma in ta taka siminti wani lokaci takan bar jiƙaƙƙen sawu. Rékia ba ta ɓoye ta cikin safa ba. Ta sa aka yi wa ta hagun baƙin lalle don su zo daidai. Matan da ke zuwa sayen atamfa sukan tsaya suna sha'awa, su tambayi wa ya yi mata.

Sai ta miƙa ta hagun. "Wannan wata ƴar Agadas ce, nan kusa da masallaci." Ta miƙa ta daman, ta harari wajen buhun shinkafa. "Wannan kuwa, mai yin ta ya daina karɓar mutane. Na rufe masa shago."