Alƙiblar Fa'izu

A motar Dutse zuwa Kafin Hausa suka haɗu, ranar da wasu dattawa biyu suka kaure da gardama a kan ko kaza tana da haƙori. Fa'izu, ɗan Malam Abdulkahar mai makarantar allo a Dutse, ya zaro wayarsa da fasasshen gilashinta ya raba gardamar cikin ladabi. Dattawan suka haɗa kai suka harare shi.

Yarinyar da ke gefensa ta danne dariya da gefen hijabi.

"Malam, komai sai ka tambayi waya?"

"Komai," ya ce. "Ƙamus, tafsiri, lokutan sallah, duk da manhajarsu. Abu ɗaya ne babu."

"Mene ne?"

"Sunanki."

Sunanta Marwa, 'yar Alhaji Abdulwahab na Aujara, mai shanu da gonaki. Kimiyyar lissafi da makamashi take karanta a jami'a, shi kuma Larabci. Kafin zangon karatu ya ƙare saƙonni sun yi kauri.

"Hasken idona, na duba taurari a manhaja, ban ga wadda ta kai ki ba."

"Malamina, ka duba littafinka, jibi jarrabawa."

Tausayin fasasshiyar wayar nan ya sa ta saya masa rigar waya ta fata, mai murfi da ke mannewa ƙyas. Ya riƙe ta kamar lefe aka kawo masa.

Ana yawan cewa ɗan malam ba ya ɓata a sha'anin addini. Masu faɗin haka ba su je Aujara ba ranar da Fa'izu ya je gaisuwar farko.

Hadari ya rufe rana, motarsu ta makara, ya iske an idar da La'asar. Alhaji da abokansa suna zaune a rumfar ƙofar gida inda suke sallah tun kafin a haifi Marwa. Aka ba shi buta, aka nuna masa tabarma a shimfiɗe. Da ya hau ya ta da kabbara da shi ke nan. Amma son burge suruki ya sa ya buɗe manhajar alƙibla. Allura ta yi rawa, ta tsaya can hagu.

"Baffa, a gafarce ni," ya ce da tattausar murya, "da alama alƙiblarku ta ɗan karkace."

Ya ja tabarmar, ya juya ta arewa sak, ya yi raka'a huɗu cikin natsuwa, dattawa suna kallon gefen fuskarsa.

Ko furar da aka kawo masa bai kai ga sha ba aka sallame shi.

"Ba na ba da 'yata ga mai sallah yana kallon Gumel," Alhaji ya faɗa a cikin gida.

Ziyad, ɗan ƙanen Alhaji da ke aikin gwamnati a Dutse, wanda ya daɗe yana son Marwa, bai bar labarin ya huce ba. Kafin kasuwa ta sake ci, rabin gari sun ji cewa saurayin Marwa ya shiga wata sabuwar aƙida mai alƙiblarta daban.

Saƙon Marwa ya zo babu ko sallama.

"Ka je gidanmu ka gyara wa Baffa sallarsa? An ce wa Yaya Ziyad ya turo magabatansa bayan girbi. Ka tambayi wayarka yadda za ka yi."

Fa'izu ya kai kuka wajen mahaifinsa, yana jiran a ce ya kyauta, ya faɗi gaskiya. Malam Abdulkahar ya saurara har ƙarshe.

"Kai, da ka fita daga Dutse, ta ina rana ta fito maka? A cikin littattafan da ka cika wayar da su, ba ka ga cewa baƙo yana bin alƙiblar mutanen gari ba? Sauke su kawai ka yi, ko ka karanta?"

Ya karanta, sai dai a makare.

Marwa ta yi fushinta ta gama, sai abin ya fara ci mata rai ta wata fuskar: manhaja ba ta yin irin wannan ɓatan haka kawai. Ta tare Fa'izu a bakin ɗakin karatu.

"Kawo wayar."

Ta buɗe manhajar, allura ta nufi hagu. Ta cire rigar, allura ta komo gabas tana ɗan jingina arewa, inda kowa ya sani. Ta kai allurar hijabinta kusa da murfin, ta manne ƙyas.

"Maganaɗisu," ta ce, ta dafe kai. "Ni mai karanta wannan abin a aji, ni na saya maka da hannuna."

"Ashe kyautarki ce ta juya ni, gimbiya. Na yafe."

"Kai ka yafe? Wa ya ce ka ja tabarma?"

Ranar Juma'a Fa'izu ya koma Aujara, ya zaɓi lokacin da rumfar ta cika, har da Ziyad. Ya durƙusa.

"Baffa, ni na karkace, ba ku ba. Waya ta yi kuskure, amma rashin kunyar tawa ce."

Ya nuna musu, da riga da babu riga. Dattawa suka karɓi wayar suna zagayawa da ita, kowa na son ya ga allurar ta ruɗe a hannunsa. Alhaji ya aza ta tsirara a kan tabarmarsa. Allurar ta tsaya daidai.

"To, ta koyi hankali," ya ce. Ya dubi Fa'izu. "Yaro, sallah nawa ka yi da wannan rigar?"

"Farilla a masallaci nake yi, Baffa. Sai dai nafilfili a ɗaki."

"Me kake roƙo?"

Fa'izu ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Marwa."

Sai kafaɗun Alhaji suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ziyad ya tuna yana da aiki a Dutse.

"Kana kallon Gumel ma aka amsa maka," Alhaji ya ce yana share ido. "Ni wane ne da zan hana? Ka ce wa Malam ya turo."

Bayan girbi aka ɗaura auren a rumfar nan, jama'a har bakin titi. Da aka shafa fatiha, Alhaji ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. In kun rikice, ku tambayi juna tukuna."

Aka amsa da amin har daga cikin gida, inda guɗa ta riga ta tashi.