Fitilar da Ta Hana 'Yan Salwa Barci

Auta ba ta manta ranar da ta fara ganin Ɗigo ba. Goggo ce ta shigo da kwali, ta ajiye a ɗakin ajiya. 'Yan tsakin salwa ne a ciki, ƙanana kamar babban yatsa. Wata mai baƙin ɗigo a ka ta hau tafin hannun Auta, ta lumshe ido. Nan take ta shiga ranta.

Goggo ta rataya ƙwan fitila biyu a saman kwalin, ja da fari.

"Jan nan shi ne uwarsu," in ji Goggo. "Shi ke ba su ɗumi, ba a kashe shi. Farin kuwa, da magariba ki kashe. Aikinki ke nan."

"To, Goggo."

Amma Auta akwai tsoron duhu. Ita kanta ba ta barci sai an bar mata ƙofa a buɗe.

Da magariba ta yi, ta kashe farin. 'Yan tsakin suka yi tsit. Tausayi ya kama ta. A ranta ta ce tsoro ne ya hana su kuka. Ta sake kunnawa, suka miƙe suna guje-guje. Ta ja ƙofa, ta tafi tana murna. Haka ta riƙa yi kullum, ba ta gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba 'yan tsakin suka fara saran juna. Wata safiya Auta ta tarar da Ɗigo a lungu. Fiffikenta ya sauka, ga jini a kanta, ko abinci ba ta kallo.

Yaya ya leƙo. "Auta, 'yarki ta yi kalarki ranar jarrabawa."

Auta ba ta yi dariya ba.

Goggo ta taɓa ruwan shansu, ta kai hannu ƙarƙashin jan ƙwan. "Ɗumi akwai, abinci akwai. Auta, kina kashe farin kuwa?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na ga kamar suna jin tsoro ne, Goggo."

Goggo ta zauna kusa da ita. "Ranar da maƙwabta suka kwana suna kiɗa, yaya kika tashi?"

"Da ciwon kai. Har na yi faɗa da Yaya a kan cokali."

"To, su ma haka. Haske ya hana su barci, shi ya sa suke faɗa. Shirun da kika ji ba tsoro ba ne, barci ne."

Hawaye ya zubo wa Auta. "Za ta mutu?"

"Mu yi namu, sauran na Allah ne."

Suka wanke ciwon, suka ware Ɗigo a ƙaramin kwali kusa da ɗumi. Da magariba Auta ta kashe farin da hannunta. Ta tsaya har ta ga 'yan tsakin sun kwanta jikin juna.

Washegari ta sami Ɗigo tana shan ruwa, tana ɗaga baki sama. A nan Auta ta gane cewa ba abin da kake so ake yi wa wanda kake ƙauna ba, abin da yake bukata ake yi masa. In ba ka sani ba, ka tambaya.

Ta ɗora Ɗigo a tafin hannunta, ta faɗa a fili har Goggo ta ji.

"Na yi miki alkawari, ba zan sake ba ki tsorona ba. Ki yi barcinki."